Baba zai sayar da filinsa don in shiga jami'a, ni kuwa hankalina na kan sana'ata

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 20. Tun da na gama sakandare nake koyon haɗa wutar sola a wajen maigidana. Yanzu ina iya ɗora faranti a rufi, in haɗa batir da inbata, in ja waya a gida ni kaɗai. Abin da nake samu bai taka kara ya karya ba, amma ina ɗauke da kaina, wani lokaci har in saka wa Mama wani abu a hannu. Bana na samu gurbin karatu a jami'a. Injiniyan lantarki na nema, makina bai kai ba, sai aka ba ni jogirafi, abin da ban taɓa sha'awa ba.

Baba ya yi ritaya. Ya yi shekaru yana aiki yana gani ana ɗora masa yaran da shi ya koya wa aiki, saboda suna da digiri shi ba shi da shi. Ya ce muddin yana raye ɗansa ba zai ƙare a kan rufin mutane ba. Ya yanke shawarar sayar da filinsa, wanda shi kaɗai ya mallaka bayan gidan da muke ciki, don ya biya min. Amma ga Yayana nan a gida, shekara 4 ke nan da gama digirinsa, har yau babu aiki. Maigidana kuma ya ce in ƙara shekara 2 zai yaye ni ya ba ni kayan aiki, yana cewa masu digiri nawa ne suke zuwa wajensa neman aiki. Abokaina suna ta turo min bidiyon attajiran da suka bar jami'a suka yi kuɗi. Mama ba ta ce komai ba, amma na san ba ta so a sayar da filin. Ina da ƙanne mata biyu a sakandare.

Malam, shin karatun jami'a ya kai a sha masa wannan wahalar a zamanin nan? Ina tsoron in ƙi in ɓata wa Baba rai, ina kuma tsoron in je a yi asarar fili.

Ɗanka mai neman shawara

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Yaron da zai tsaya yana tunanin filin mahaifinsa da shirun mahaifiyarsa da karatun ƙannensa kafin ya duba son ransa, ya riga ya nuna irin gidan da ya fito. Tsoron nan biyu da ka ambata kuwa dukansu suna da tushe, shi ya sa ka kasa tsayar da zuciyarka wuri ɗaya.

Bari in faɗa maka inda na tsaya tun da wuri, dalilai su biyo baya. Ban yarda a sayar da filin nan don ka je ka karanta abin da ba ka so ba. Ban kuma yarda ka watsar da maganar karatu ka ce sana'a ta ishe ka ba. Tambayar da ka yi tana da faɗi ƙwarai, duk wanda ya amsa maka da e ko a'a bai yi maka adalci ba. Abin da za a iya amsawa shi ne wane karatu za a yi, da kuɗin wa, kuma mai yin zai kai ƙarshe ko a hanya zai tsaya.

Mu fara da abin da bincike ya nuna, domin a nan Baba ya fi abokanka gaskiya. A 2018 wasu masana biyu, George Psacharopoulos da Harry Patrinos, sun tattara wa Bankin Duniya sakamakon lissafi sama da 1,000 daga ƙasashe 139. Sun ga cewa, idan aka ɗauki tsaka-tsaki, kowace shekara ɗaya da mutum ya ƙara a makaranta tana ƙara masa kusan kashi 9 cikin 100 na abin da yake samu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ƙarin yana bin mutum har ya ajiye aiki. Masu cewa digiri ya mutu ba su da alƙaluman da za su tsaya a kai. Sai dai ka riƙe abu biyu game da irin wannan lissafi. Galibi da albashin waɗanda suka samu aiki ake yin sa, saboda haka wanda yake zaune a gida da kwalinsa a akwati, kamar Yayanka, bai shiga ciki ba. Sannan tsaka-tsaki yana ɓoye bambancin da ke tsakanin mutane. A Ingila wata cibiyar binciken tattalin arziki, IFS, ta bi diddigin kuɗin da ɗalibai suke samu bayan sun kammala, ta fitar da rahoto a 2020. Yawancinsu sun ci riba, amma kusan 1 cikin 5 da bai je jami'ar ba da ya fi samun kuɗi a tsawon rayuwarsa. Waɗanda suka karanta likitanci da tattalin arziki sun yi wa saura fintinkau, wasu kwasa-kwasan kuwa da ƙyar suka mayar da abin da aka kashe. Ƙasa ɗaya ce, duka digiri ake kira, amma abin da kowa ya girba ya bambanta.

Me ya sa ma ake biyan mai digiri fiye da wanda ba shi da shi? Masana sun daɗe suna jayayya a kai, kuma jayayyar tasu a cikin gidanku take. Gary Becker, a shekarun 1960, ya ce karatu jari ne da ake zubawa a jikin mutum: ya koyi abu, ya iya aikin da a da bai iya ba, sai a biya shi daidai da iyawarsa. Michael Spence kuma a 1973 ya ce sau da yawa takardar alama ce. Mai ɗaukar aiki bai san ka ba, ba shi da lokacin gwada ka, sai ya dubi kwali ya ce wanda ya jure shekara 4 yana cin jarrabawa zai jure aiki. Dukansu biyu sun samu kyautar Nobel daga baya, kuma kowanne ya riƙe wani gefe na gaskiya. Abin da ya samu Baba a wurin aiki shi ne bayanin Spence tsaf. Ya fi yaran nan sanin aiki, shi ya koya musu, amma tsarin ƙarin girma takarda yake karantawa. Halin da Yayanka yake ciki kuma ɗaya gefen maganar ne, domin alama tana da daraja ne idan ba kowa ke da ita ba. Alƙaluman UNESCO sun nuna ɗaliban manyan makarantu a duniya sun tashi daga kusan miliyan 100 a shekarar 2000 zuwa sama da miliyan 235 a 2020, kuma a ƙasashe da yawa guraben aikin ofis ba su ƙaru da wannan saurin ba. Baba yana magana ne da abin da idonsa ya gani, lokacin da kwali kaɗai yake isa a kira mutum aiki. Yaya yana zaune a lokacin da masu kwali suka yi yawa, ana tambayar kowa me ya iya bayan kwalin. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu.

Kai kuma ga inda ka shigo. Tambayar nan da ake yi wa masu kwali, me ka iya, kai kana da amsarta a hannunka tun kana ɗan shekara 20. Kada ka bari kowa ya raina maka wannan. Farashin farantin sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa gidajen da a da ba su isa su yi mafarkinsa ba yanzu suke nema. Hukumar IRENA, mai lura da makamashi mai sabuntuwa, ta ƙiyasta cewa a 2023 mutane sama da miliyan 7 ne suke cin abinci da harkar sola a duniya. Ba a sana'ar da take dusashewa kake ba.

Jimlar da ta fi tayar min da hankali a wasiƙarka ita ce inda ka ce jogirafi abu ne da ba ka taɓa sha'awa ba. Wanda ya fi kowa asara a harkar jami'a shi ne wanda ya shiga ya fito babu takarda. Ya kashe kuɗi, ya kashe shekaru, ya dawo da shaidar sakandarensa. A Amurka, inda ake bin wannan lissafi sosai, kusan 4 cikin 10 na waɗanda suka fara ba sa kammalawa cikin shekara 6, da yawansu kuma da bashi a wuya. Bincike ya sha nuna cewa shekarar da ake karɓar takarda ita ce take ɗauke da kaso mafi tsoka na ribar, don haka shekara 2 a jami'a ba ta ba mutum rabin abin da shekara 4 take bayarwa. Yanzu ka hasko kanka a aji, ana darasin da ba ya shiga ranka, waya tana ƙara a aljihu ana kiran ka aikin da ka san kuɗi ne a hannu. Zangon farko za ka daure. Na uku fa? Ina jin tsoron ranar da za ka tsaya gaban Baba babu fili babu digiri, kuma wannan ranar ta fi ɓacin ran da kake gudu yau ciwo nesa ba kusa ba.

Amma in yi wa jogirafi adalci, ba karatun banza ba ne. Daga cikinsa ake samun masu zana taswira da kwamfuta, da masu tsara birane, da masu nazarin yanayi da ruwa da ƙasar noma. Wanda yake son sa zai ci abinci da shi. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: ka san shi ne ka ƙi shi, ko haushin rashin samun abin da ka nema ne ya shafe shi? Je ka sashen da ƙafarka, ka karɓi jerin darussan shekara 4 ka karanta, ka zauna da ɗaliban aji uku ka ji abin da suke yi. Idan ka fito zuciyarka ta motsa, lissafin ya canza. Idan ka fito kamar yadda ka shiga, ka samu amsa mai hujja da za ka iya faɗa wa kowa.

Batun fili kuwa, ka ɗauko takarda da biro. Kuɗin jami'a ba rajista kaɗai ba ne, akwai masauki da ci da sha da littattafai da kuɗin mota, kowace shekara, kuma ba sa tsayawa inda ka same su. A kan wannan ka ɗora abin da za ka samu a sana'a cikin shekara 4 da za ka rasa, domin shi ma kuɗi ne da karatun zai ci ko da ba a ba ka rasit ba. Sai ka duba ko kuɗin filin zai kai ka aji huɗu. Sau da yawa ba ya kaiwa, a aji biyu ake fara neman abin da za a ƙara sayarwa. Ka tuna kuma mai filin nan ɗan fansho ne. Ranar da ciwo ya zo, ko fansho ya makara, filin nan ne bangon da gidan zai jingina. Ga ƙannenka biyu suna tafe, wataƙila a cikinsu akwai wadda zuciyarta take kan likitanci ko lauya, irin karatun da babu wata hanyar shiga aikinsa sai ta jami'a. Idan an sayar dominka, me za a sayar dominta? Ina ganin abin da Mama take tunani ke nan ta yi shiru.

Yanzu Baba. Da ya ce ba za ka ƙare a kan rufin mutane ba, kada ka ji kamar sana'arka ya raina. Mutum ne da ya sha ganin yaronsa na jiya ya zama shugabansa, ya haɗiye, ya koma gida ya ciyar da ku. Abin da yake so shi ne kada a taɓa yi maka haka. Kuma akwai inda ya hango abin da kai ba ka hango ba tukuna. Hawa rufi aikin ƙuruciya ne, gwiwa da baya suna da wa'adinsu. Wasu masana, cikinsu da Eric Hanushek da Ludger Woessmann, sun kwatanta masu koyon sana'a da masu karatu mai faɗi a ƙasashe da dama, suka ga masu sana'a suna riga samun aiki a ƙuruciya, amma da shekaru suka tura fifikon yana raguwa har ya juye, saboda fasaha tana canzawa ta bar wanda abu ɗaya ya iya. Kai shaida ne a sana'arka: batir mai ruwa yana ba batirin litiyam wuri, inbata ta zama abin da ake saitawa da manhaja. Wanda ya san dalilin da ya sa ake haɗa waya kaza da kaza zai bi kowane sabon kaya, wanda ya haddace haɗin kawai sai ya jira a sake nuna masa. Ƙari a kan haka, babban aiki irin na asibiti ko masana'anta, a yawancin ƙasashe sai injiniya mai rajista ya sa hannu a zanensa. Nan ne kuɗin kwangila yake, kuma nan ne za a iya ɗora maka wanda ka fi iya aiki, daidai abin da Baba yake gudu.

Ƙasashen da suka fi kowa girmama sana'a ba su raba ta da aji ba. A Jamus mai koyon sana'a yana yin shekara 2 zuwa 3 da rabi, yana aiki a kamfani ana biyan sa, yana kuma zuwa makaranta kwana ɗaya ko biyu a mako, a ƙarshe ya rubuta jarrabawa ya karɓi takardar da ƙasar gaba ɗaya ta sani. Idan ya ci gaba ya kai matakin gwani, ƙofar jami'a a buɗe take gare shi. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa wannan hanyar suke bi. Ba kowace ƙasa ke da irin wannan tsari ba, amma mutum yana iya ƙulla wa kansa makamancinsa, kuma shi nake so ka ƙulla.

Maigidanka ya yi maka alheri, ya koya maka abin da za ka ci abinci, ka riƙe masa wannan har abada. Amma ka sani shi ma yana da buƙata a cikin shawarar da ya ba ka, domin yaron da zai iya aiki shi kaɗai ba a samun sa a rana ɗaya. Wannan ba laifi ba ne, sai dai ka sa shi a ma'auni. Cikin ladabi ka nemi ya fayyace alkawarin: wane kayan aiki, wane wata, kuma a gaban Baba ko wani babba da kuke jin nauyinsa ku biyu. Sannan ka tambaye shi ko zai yarda ka riƙa zuwa makaranta wasu ranaku kana ci gaba da aiki. Amsar da zai ba ka za ta nuna maka abu mai yawa. Maigidan da yake son ci gaban yaronsa zai nemi yadda za a tsara lokaci.

Bidiyon da abokanka suke turo maka kuwa kada ka ɓata musu dare. Bill Gates, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Microsoft, ya bar jami'ar Harvard ta Amurka a 1975, amma ɗan babban lauya ne, ya fara taɓa kwamfuta tun yana ɗan shekara 13 a lokacin da jami'o'i da yawa ma ba su wadata da ita ba, kuma hutu ya ɗauka, yana da damar komawa idan kamfanin ya rushe. Mark Zuckerberg ya bar jami'ar a 2004 bayan Facebook ya riga ya kama. Su biyun sun shiga ɗaya daga cikin jami'o'in da suka fi wuyar shiga a duniya kafin su fita. Dubban da suka fita suka rasa tudun dafawa ba wanda yake yi musu bidiyo.

Yayanka kuma ina roƙon ka, kada ka kafa hujja da shi a gaban Baba. Mutumin da ya yi shekara 4 yana aika takardun neman aiki babu amsa yana ɗauke da nauyin da ba ya faɗa, kuma jin ƙanensa yana misali da shi zai karya masa zuciya. Ka same shi ku biyu, ka nemi shawararsa a matsayinsa na babba wanda ya shiga ya gani. Tambaye shi abin da zai canza da yau ne zai fara, da abin da 'yan ajinsu da suka samu aiki suka yi daban. Zai faɗa maka abin da ni ba zan iya ba. Wa ya sani ma, ranar da ka tsaya da ƙafarka za ka buƙaci mai rubuta takardar farashi, mai riƙe lissafi, mai shiga ofis neman kwangila, ga shi a ɗaki ɗaya da kai.

To me za ka yi a aikace? Da farko ka je ofishin rajista na jami'ar, kada ka dogara da jita-jitar ɗalibai. Tambaya biyu za ka yi. Ana iya ɗage gurbi zuwa baɗi? Ana iya sauya sashe bayan shekarar farko, kuma da wane maki? Jami'o'i da yawa suna da ƙa'ida a kan duka biyun, amma sashen injiniya yakan cika, don haka ka nemi shugaban sashen ko wani malami a can ya faɗa maka ko an taɓa karɓar wani daga jogirafi a 'yan shekarun nan. Idan injiniya ta gagara, ka tambayi fiziks, shi ma dangin aikinka ne na kusa. Ka tambayi ofishin kula da ɗalibai tallafin karatun da ake da shi. Idan rancen karatu ne, kada ka sa hannu sai ka san ko akwai kuɗin ruwa, da ranar da za a fara biya, da abin da zai faru idan ka gama babu aiki.

Hanyar da na fi karkata gare ta ita ce kwalejin fasaha. Difloma a fannin lantarki ta fi gajarta, galibi ta fi sauƙin kuɗi, darussanta su ne abin da hannunka yake taɓawa kullum, kuma da yawa suna da ajin yamma ko na ƙarshen mako. A ƙasashe da dama mai difloma mai kyau yana iya shiga jami'a daga baya ba tare da ya fara daga aji ɗaya ba. Ka ga sai ka riƙa biya daga aljihunka zango bayan zango, Baba ya taimaka da abin da ya sawwaƙa, fili yana nan. Akwai kuma buɗaɗɗun jami'o'i da ake karatu daga gida, tsarin da ya yi suna tun da Birtaniya ta kafa tata a 1969, sai dai fannin da yake buƙatar ɗakin gwaji ba kowacce ke iya koyar da shi da kyau ba, ka bincika ko hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista ta amince da takardarsu. Hanya ta uku ita ce ka ba kanka shekara ɗaya, kana aiki kana tara kuɗi kana karatun lissafi da fiziks da gaske, ka sake zama jarrabawar shiga. Wanda makinsa bai kai ba bana yana iya kaiwa baɗi, musamman yanzu da ka san abin da kake nema da dalilinsa.

Ba zan ɓoye maka ba, haɗa aiki da karatu yana da wuya. Za ka sauko daga rufi a gajiye ka buɗe littafi. Akwai kuma abin da za ka rage samu, irin zaman nan na cikin jami'a inda ake haɗuwa da mutane daga ko'ina, a yi muhawara, a koyi rubutu da magana a gaban jama'a, a ƙulla abotar da take amfani bayan shekara 20. Wannan riba ce ta gaske da ba ta fitowa a lissafin albashi, kuma ina girmama ta. Amma ba ta kai a tsiraita gida dominta ba.

Yadda za ka tunkari Baba yana da muhimmanci kamar abin da za ka faɗa. Fara da Mama, ka nuna mata takardar lissafinka, ka ji ta bakinta, don ta fi kowa sanin lokacin da ake samun kansa. Idan akwai Baffa ko Kawu da Baba yake jin maganarsa, a sa shi a ciki. Da ka zauna, kada kalmar farko ta zama ba na so. Ka ce: Baba, na ji maganarka, zan yi karatu, kuma injiniyan nan nake so in zama don kada a taɓa ɗora min wani. Roƙona ɗaya, a bar filin. Sai ka ajiye masa sunan makarantar, da kuɗinta, da watan da ake fara rajista, da abin da za ka riƙa warewa duk wata. Uba ba ya sakin abin da ya riƙe don an ce masa za a duba, amma idan ya ga tsari da ranaku a rubuce, ya ga ɗansa ba gudun karatu yake ba, yawanci yakan sassauta.

Idan duk da haka ya ce sai dai wannan gurbin, to fili nasa ne, kuma kai ɗa ne. Kada ku kai ga rabuwar kai. Ka roƙe shi a jinkirta sayarwar, a biya shekarar farko da abin da ka tara da abin da dangi za su haɗa, kai kuma ka shiga da zuciya ɗaya, ka nemi makin da zai ba ka damar sauya sashe, ka riƙe sana'arka a ƙarshen mako da lokacin hutu. Gidajen malamai da shagunan da ke kewaye da kowace jami'a suna buƙatar mai gyaran sola, ba za ka rasa aiki ba. Ku yi yarjejeniya cewa bayan sakamakon shekarar farko za ku sake zama, a duba maki, a duba aljihu, sannan a yanke maganar fili.

A makon nan dai ka gano ranar da za a rufe rajista, domin duk abin da muka tattauna dole ya shiga kafin wannan ranar, kuma gurbin da aka bari ya wuce babu takardar neman ɗagewa ba ya dawowa. Ka rubuto min abin da ofishin rajista da maigidanka suka ce, mu duba mataki na gaba tare. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya ƙara wa Baba da Mama lafiya.